Idan Mai Kulob Ya Furta Kalaman Wariyar Launin Fata, Wa Ke Hukunta Shi? Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka dakatar da ɗan wasa saboda zagin abokin karawarsa da launin fata, sai masu kallo su tambaya: to idan maigidan da ke biyan albashin ne ya yi zagin fa? Amsoshin da ke ƙasa sun fi karkata ga Amurka, domin a can ne aka fi gwada wannan lamari, daga baya kuma mu leƙa ƙwallon ƙafar Turai.

Me ya sa hukunta mai kulob ya fi hukunta ɗan wasa wuya?

Ɗan wasa ma'aikaci ne. Yana da kwantiragi, kuma a cikin kwantiragin akwai sharuɗɗan ɗa'a, saboda haka ana iya cin tararsa, a dakatar da shi, ko a sallame shi. Mai kulob kuwa dukiyarsa ce. A manyan gasannin Amurka, wato NBA ta ƙwallon kwando, NFL ta ƙwallon zari-rugar Amurka, da MLB ta besbol, masu kulob ɗin ne suka haɗu suka mallaki gasar kanta. Su ne ke ɗaukar kwamishinan gasar aiki, su ke biyan sa, su kuma ke iya tsige shi. Ke nan wanda ake so ya yanke hukunci yaron gidan wanda za a hukunta ne.

Ga mai karatu a Nijeriya wannan tsari baƙo ne, tunda yawancin kulob ɗinmu irin su Kano Pillars da Katsina United gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su, shugaban kulob kuma naɗa shi ake yi, gobe a sauke shi da takarda ɗaya. A Amurka babu gwamnan da zai sauke kowa. Akwai takardun mallaka, akwai lauyoyi, akwai kuma sauran attajirai da kowannensu ke tunanin ranar da abin zai juyo kansa.

Mene ne ainihin abin da ya faru da Donald Sterling?

Sterling attajirin gidajen haya ne a Los Angeles. Ya sayi kulob ɗin Clippers na gasar NBA a 1981 kan dala miliyan 12.5 lokacin yana San Diego, ya mayar da shi Los Angeles a 1984. Ranar 25 ga Afrilu 2014 kafar TMZ ta saki faifan murya inda aka ji shi yana faɗa da wata mata da ke kusa da shi, V. Stiviano, saboda ta sa hotonta da Magic Johnson, tsohon gwarzon ƙwallon kwando baƙar fata, a Instagram. A faifan ya gaya mata kada ta riƙa nuna kanta da baƙaƙen fata, kada kuma ta kawo su kallon wasannin kulob ɗinsa. Kocinsa, Doc Rivers, baƙar fata ne, haka ma yawancin 'yan wasansa.

Abin ya zo ana tsakiyar wasannin fitar da gwani na ƙarshen kaka. Ranar 27 ga wata, kafin wasansu da Golden State Warriors a Oakland, 'yan wasan Clippers suka tuɓe rigunan ɗumama jiki suka jibge a tsakiyar fili, suka sa na ciki a baibai don kada a ga tambarin kulob. Shugaba Obama ya yi tir da kalaman daga Malesiya inda yake ziyara. Washegari kamfanonin da ke ɗaukar nauyin kulob suka fara zamewa: CarMax ta yanke hulɗa, State Farm da Kia da Red Bull suka dakatar da tasu.

Ranar 29 ga Afrilu, kwana huɗu da fitar faifan, kwamishinan NBA Adam Silver, wanda bai cika wata uku a kujerar ba, ya sanar da abu uku. An haramta wa Sterling duk wata hulɗa da NBA har ƙarshen rayuwarsa: ba shiga filin wasa, ba filin atisaye, ba ofishin kulob, ba taron masu kulob. An ci tararsa dala miliyan 2.5. Sannan Silver ya ce zai nemi sauran masu kulob su tilasta masa sayarwa.

Da wane iko kwamishinan ya yi wannan, kuma yaya ake bi a ƙwace kulob?

Iko biyu ne daban, kuma mutane na yawan cuɗa su. Haramci da tara na hannun kwamishina shi kaɗai. Kundin tsarin NBA, a sashe na 24, ya ba shi damar hukunta duk wani abin da ya ga yana cutar da gasar idan babu wata doka ta musamman a kansa, kuma a wancan lokaci iyakar tarar ita ce miliyan 2.5. Ke nan Silver ya kai maƙura.

Ƙwace mallaka kuwa ba nasa ba ne, na majalisar masu kulob ne, ƙarƙashin sashe na 13 da na 14. Ga yadda ake bi. Da farko a rubuta tuhuma a miƙa wa wanda ake zargi. Yana da kwana 5 ya ba da amsa a rubuce, idan ya yi shiru ana ɗauka ya amsa laifi. Daga nan sai a kira zama na musamman cikin kwana 10, kowane ɓangare ya kawo hujjojinsa da lauyansa. Sai ƙuri'a: ana buƙatar kashi uku cikin huɗu, wato 23 daga cikin 30, kafin tuhuma ta tabbata. Idan ta tabbata mallakar ta faɗi, sai fa idan kashi biyu cikin uku sun zaɓi a sassauta zuwa tara. Bayan nan kwamishina ke karɓar ragamar kulob ya sayar, a cire basussuka, a miƙa wa tsohon mai shi ragowar kuɗin.

A lura da wannan na ƙarshe. Ba a ƙwace dukiyar a ba wani kyauta, kujerar kawai ake ƙwacewa.

Raunin da lauyoyi suka hango shi ne, sashe na 13 bai ambaci wariyar launin fata ko munanan kalamai ba. An rubuta shi ne don irin laifuffukan kasa biyan bashi, caca a kan wasa, ko saɓa yarjejeniya. Dole NBA ta bi ta ƙofar saɓa alƙawari, ta ce Sterling ya sa hannu a takardun da suka wajabta masa kada ya yi abin da zai cutar da gasar. Da an je kotu a kan wannan, da an daɗe ana ja.

To an kaɗa ƙuri'ar?

Ba a kaɗa ba. An gabatar da tuhuma ranar 19 ga Mayu, aka sa 3 ga Yuni ranar zama. Kafin ranar ta zo, matarsa Shelly Sterling ta riga kowa. Kulob ɗin yana cikin wata amana ta iyali da su biyun ke kula da ita, kuma takardar amanar ta ce idan likitoci suka tabbatar ɗayansu ya kasa tafiyar da al'amuransa, ɗayan zai ci gaba shi kaɗai. Likitoci biyu suka duba shi suka ce ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni. A ƙarshen Mayu Shelly ta ƙulla ciniki da Steve Ballmer, tsohon shugaban Microsoft, kan dala biliyan 2, NBA kuma ta soke zaman.

Sterling ya yi turjiya. Alƙali Michael Levanas na kotun gado a Los Angeles ya ba Shelly gaskiya ranar 28 ga Yuli, aka kammala cinikin ranar 12 ga Agusta 2014. Ƙarar da ya shigar yana neman dala biliyan 1 daga NBA an kore ta a 2016. Ke nan abin da ya raba shi da kulob a zahiri wata saɗara ce a takardar amanar iyalinsa. Masu kulob 29 sun tsira daga ɗaga hannu a bainar jama'a, faɗuwa ta zo musu daidai da zama.

Ba a ce Amurka ƙasar 'yancin faɗar albarkacin baki ba ce? Kuma ai a ɗakinsa ya yi maganar.

Gyara na farko a kundin tsarin mulkin Amurka gwamnati ya hana hukunta mutum kan maganarsa. Bai hana abokan kasuwancinka rabuwa da kai ba. Shi ya sa babu ɗan sandan da ya je ƙofar Sterling, babu kuma kotun da ta tuhume shi. NBA ƙungiya ce mai zaman kanta, duk wanda ya shiga ya sa hannu cewa ya yarda da dokokinta, har da sharaɗin cewa hukuncinta shi ne na ƙarshe. Kotunan Amurka ba su cika tsoma baki a harkar irin waɗannan ƙungiyoyi ba muddin sun bi ƙa'idojin da suka rubuta wa kansu.

Batun naɗar murya ya fi sarƙaƙiya. Dokar Kalifoniya ta hana naɗar hirar sirri sai da yardar duk masu maganar. Ɓangaren Stiviano ya ce Sterling ya san ana naɗa. Ko ma yaya ne, wannan doka tana aiki ne a kotu da kuma kan wanda ya naɗa, ba ta hana ƙungiya yin la'akari da abin da duniya ta riga ta ji ba. Bugu da ƙari, Sterling ya amsa wa masu binciken NBA cewa muryarsa ce, sannan a watan Mayu ya je CNN wai zai nemi gafara, ya ɓuge da sukar Magic Johnson a gaban kowa. Magana zarar bunu ce, kuma wannan karon babu wanda ya naɗe shi a ɓoye.

Mark Cuban, mai kulob ɗin Dallas Mavericks a lokacin, ya la'anci kalaman amma ya yi gargaɗin cewa ƙwace wa mutum kadara saboda abin da ya faɗa a gidansa hanya ce mai santsi. Ba shi kaɗai ke wannan tunani ba, shi ne dai ya furta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Shin ba a san halinsa ba kafin 2014?

An sani sarai, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi zubar wa NBA mutunci. A 2006 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta kai shi kotu kan zargin ƙin ba baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da masu yara hayar gidajensa. A 2009 ya biya dala miliyan 2.725 aka sasanta, ba tare da ya amsa laifi ba. A shekarar ce kuma Elgin Baylor, gwarzon ɗan wasa da ya shafe shekara 22 yana janar manajan kulob ɗin, ya yi ƙararsa kan korar da ya ce akwai wariya a ciki. Baylor bai yi nasara ba a 2011.

NBA ba ta hukunta shi kan ko ɗaya ba. Hujjarta ita ce sasantawa ba hukunci ba ce, kuma ya ci shari'ar Baylor. A shari'ance haka ne. Amma hana iyali wurin kwana ya fi kalaman faifai illa nesa ba kusa ba. Bambancin kawai shi ne takardun kotu ba sa yawo a wayoyin jama'a, murya kuwa tana yi. Har reshen Los Angeles na ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata yana shirin karrama shi a Mayun 2014. An fasa, shugaban reshen ya yi murabus.

Me ya sa Robert Sarver ya samu dakatarwar shekara ɗaya kacal?

Sarver ya jagoranci sayen kulob ɗin Phoenix Suns na NBA a 2004 kan dala miliyan 401, shi ne kuma mai kulob ɗin mata na Phoenix Mercury. A Nuwamba 2021 ESPN ta wallafa dogon rahoto kan wariyar launi da cin zarafin mata a wurin aikinsa. NBA ta ɗauko kamfanin lauyoyi na Wachtell, Lipton, Rosen & Katz. Sun yi hira da mutum 320, suka duba takardu sama da 80,000. Ranar 13 ga Satumba 2022 rahoto ya fito: Sarver ya furta mummunar kalmar nan da ake zagin baƙar fata da ita aƙalla sau 5 yayin da yake maimaita maganar wasu, duk da an gargaɗe shi, ya yi wa mata ma'aikata kalaman batsa da rashin adalci, ya riƙa yi wa ma'aikata tsawa da cin fuska. Amma rahoton ya ce bai gano cewa ƙiyayyar launi ko ta jinsi ce ta motsa shi ba.

Wannan jimla ɗaya ita ta cece shi daga haramcin har abada. Aka dakatar da shi shekara ɗaya, aka ci tararsa dala miliyan 10, wadda ita ce sabuwar iyaka, aka wajabta masa horo kan mutunta ma'aikata, kulob kuma zai riƙa kai wa gasar rahoto tsawon shekara 3. Da aka matsa wa Silver da tambaya, sai ya ce ba shi da ikon ƙwace wa mutum kulob, kuma riƙe aiki daban, mallaka daban. Gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar ba ta yi wa kowa daɗi ba.

Hukuncin bai yi kwana goma ba ya zama tarihi. Shahararren ɗan wasa LeBron James ya ce gasar ta yi kuskure. Ɗan wasa Chris Paul, wanda ke Clippers a zamanin Sterling kuma a 2022 yana Suns, ya ce hukuncin ya gaza. Jahm Najafi, mai hannun jari na biyu mafi girma a kulob ɗin, ya nemi Sarver ya sauka. PayPal, mai tambari a rigar 'yan wasa, ta ce ba za ta sabunta yarjejeniya ba in ya dawo. Ranar 21 ga Satumba ya sanar zai sayar. Mat Ishbia ya saya a farkon 2023, aka yi wa kulob biyun ƙimar dala biliyan 4.

Yaya ake gudanar da irin wannan bincike, kuma ina yake samun tangarɗa?

Yawanci ɗan jarida ne ke fara tona asiri, ba gasar ba. Sai gasar ta ɗauki lauyoyin waje, a umarci kulob kada ya goge saƙonni ko takardu, a buɗe hanyar da tsofaffi da sababbin ma'aikata za su tuntuɓi masu bincike kai tsaye, a yi hira da wanda ake zargi a gaban lauyansa, a rubuta rahoto ga kwamishina. Na Sterling ya ɗauki kwana huɗu domin akwai murya. Na Sarver ya ɗauki wata goma domin sai an tattara abin da mutane ke tunawa na shekara 18.

Wuraren da abin ke lalacewa sanannu ne. Masu binciken ba kotu ba ne, ba su iya tilasta wa wanda ya bar aiki ya yi magana. Da yawa daga cikin waɗanda aka zalunta sun karɓi kuɗin sasantawa sun sa hannu a takardar rufe baki, kuma in ba a warware musu wannan alƙawari a rubuce ba, za su yi shiru. Wanda ke aiki har yanzu yana tsoron ramuwa, tunda duniyar wasanni ƙarama ce, kowa ya san kowa. Sashen kula da ma'aikata, inda ya kamata a kai ƙorafi, yana ƙarƙashin wanda ake ƙorafi a kansa, shi ya sa sau da yawa babu rubutaccen tarihi. Sannan gasar ce ke biyan lauyoyin, ita ke tsara iyakar abin da za su duba, ita kuma ke yanke ko za a saki rahoton. NBA ta wallafa na Sarver. NFL kuwa, a binciken farko na kulob ɗin Washington a 2021, rahoton baka ta karɓa, babu takardar da jama'a suka gani.

Akwai kuma tarkon niyya. Idan aka sa ma'aunin ya zama sai an tabbatar da abin da ke zuciyar mutum, kusan kowa zai kuɓuta. Ma'aikacin da aka zaga bai damu da niyyar maigida ba, abin da ya ji a kunnensa shi ya sani.

Tsakanin 'yan wasa da masu ɗaukar nauyi, wa ya fi ƙarfi?

Masu ɗaukar nauyi sun fi saurin motsi, 'yan wasa sun fi ban tsoro. Kamfani zai dakatar da tallarsa yau ya dawo bayan mako biyu, kamar yadda wasu suka koma wa Clippers da zarar an sanar da haramcin. Amma in 'yan wasa suka ƙi fita fili, babu abin da gidajen talabijin za su nuna, kuma daga can ne mafi yawan kuɗin ke zuwa. A 2014 shugabannin ƙungiyar 'yan wasa sun bayyana cewa a shirye ake a ƙaurace wa wasannin daren 29 ga Afrilu in hukuncin ya yi sauƙi. Kusan kashi uku cikin huɗu na 'yan wasan NBA baƙaƙen fata ne, alhali a lokacin Michael Jordan ne kaɗai baƙar fata mai rinjayen hannun jari a wani kulob.

Misali mafi ban mamaki na kulob ɗin mata na Atlanta Dream ne. A 2020 ɗaya daga masu shi, Sanata Kelly Loeffler, ta soki goyon bayan da gasar ƙwallon kwando ta mata, WNBA, ke ba fafutukar kare rayukan baƙaƙen fata ta Black Lives Matter. Gasar ba ta tilasta mata sayarwa ba, domin ra'ayin siyasa ta faɗa, ba zagi ba. 'Yan wasanta suka fito sanye da riguna masu kiran a zaɓi abokin hamayyarta Raphael Warnock. Ta faɗi zaɓe a Janairu 2021, a Fabrairu aka sayar da kulob ga wasu mutane uku, ciki har da tsohuwar 'yar wasan kulob ɗin, Renee Montgomery.

Idan ya sayar da riba mai yawa, ina hukuncin yake?

Tambaya ce mai kyau, kuma ba ta da amsa mai sanyaya zuciya. Sterling ya sa miliyan 12.5 ya kwashi biliyan 2. Tarar da aka ci shi kashi ɗaya cikin ɗari takwas na kuɗin ce kacal. Jerry Richardson na Carolina Panthers ya sayar kan biliyan 2.275 a 2018, NFL ta ci tararsa miliyan 2.75 kan cin zarafin ma'aikata. Gaba ta kai su, gobarar Titi.

Abin da suke rasawa shi ne kujerar gaba a filin wasa, da shiga sahun mutum 30 ko 32 da kuɗi kaɗai ba ya kai mutum cikinsu, da kuma suna. Akwai asarar haraji ma. A dokar Amurka, in mutum ya mutu ya bar kadara, magadansa ba sa biyan harajin ribar da ta taru a rayuwarsa. In ya sayar yana raye kuwa sai ya biya, kuma a Kalifoniya harajin tarayya da na jiha na iya lashe kusan kashi ɗaya cikin uku na ribar. Ga dattijo mai shekara 80 irin Sterling, wannan ya fi tarar Silver ciwo sau ɗaruruwa.

Akwai wasu misalai a sauran gasannin Amurka?

Marge Schott mai kulob ɗin besbol na Cincinnati Reds ita ce ta farko da ake tunawa. A 1993 an ci tararta dala 25,000 aka dakatar da ita shekara ɗaya kan zagin baƙaƙen fata da Yahudawa. A 1996 ta sake yabon farkon mulkin Hitler, aka raba ta da tafiyar da kulob har 1998, ta sayar da rinjayen jarinta a 1999 kan dala miliyan 67. Shekara shida aka yi ana jan ƙafa.

Richardson ya sanar da sayarwa a Disamba 2017, ranar da mujallar Sports Illustrated ta bayyana kuɗaɗen rufe baki da ya biya ma'aikata kan cin zarafin mata da kuma zagin wani baƙar fata mai farauto wa kulob 'yan wasa. Bob McNair na Houston Texans ta NFL, a shekarar, ya kwatanta 'yan wasa masu zanga-zanga da fursunonin da ke son mulkin gidan yari. Ya ba da haƙuri, yawancin 'yan wasansa suka durƙusa lokacin taken ƙasa a wasa na gaba don nuna fushinsu, gasar ba ta hukunta shi ba.

Bruce Levenson na Atlanta Hawks ta NBA shi ya kai ƙarar kansa a 2014 kan wani imel na 2012 inda ya yi ƙorafin yawan baƙaƙen 'yan kallo na korar farare. Abin da ya tono imel ɗin shi ne binciken da aka yi bayan janar manaja Danny Ferry ya karanta wani rahoto da ya alaƙanta kasancewar ɗan wasa Luol Deng ɗan Afirka da rashin gaskiya. Deng haifaffen Wau ne a Sudan ta Kudu. An sayar da Hawks a 2015.

A ƙwallon ƙafar Turai fa?

Can hukuncin ya fi sauƙi, domin kulob kamfani ne mai zaman kansa, ba rijistar da gasar ke bayarwa ta kuma karɓe ba. Hukumar ƙwallo na iya hana mutum shiga harkar wasa na wani lokaci, amma yawanci ba ta iya sayar masa da hannun jari.

A Ingila doka ta E3 ta hukumar FA ce ke aiki, kuma laifin na ƙara nauyi in ya shafi launi, ƙabila ko addini. Dave Whelan mai Wigan Athletic ya yi kalaman ɓatanci kan Yahudawa da 'yan Sin a Nuwamba 2014. Aka dakatar da shi mako 6, tarar fam 50,000, da horo na dole. Ya sauka daga shugabanci a Maris 2015 ya miƙa wa jikansa, iyalin suka ci gaba da mallaka har 2018. Gwajin cancantar masu kulob na gasar Firimiya ya fi duba hukuncin kotu da karyewar arziki. A 2023 aka ƙara laifuffukan ƙiyayya a jerin abin da ke hana mutum mallaka, amma sai kotu ta same shi da laifi tukuna.

A Jamus, Clemens Tönnies, shugaban majalisar sa ido ta Schalke, ya ce a 2019 a gina wa Afirka tashoshin lantarki don mutanenta su daina sare itatuwa da haihuwa in dare ya yi. Tsofaffin 'yan wasan kulob ɗin haifaffun Gana, Gerald Asamoah da Hans Sarpei, sun yi tir da shi. Kwamitin ɗa'a na kulob ya bar shi ya janye na wata 3 ya dawo. Ya sauka a Yuni 2020 bayan zanga-zangar magoya baya da ɓarkewar korona a mayankarsa. A Italiya, Carlo Tavecchio ya yi maganar ɗan wasan Afirka mai cin ayaba yana tsaka da neman shugabancin hukumar ƙwallon ƙasar a 2014, aka zaɓe shi duk da haka, UEFA ta dakatar da shi wata 6 daga harkokinta.

Maganar mai Napoli kan 'yan wasan Afirka tana cikin wannan sahu?

A Agusta 2022 Aurelio De Laurentiis ya ce ba zai ƙara sayen ɗan Afirka ba sai ya sa hannu cewa ba zai je gasar cin kofin nahiyar ba. A lokacin Victor Osimhen da André-Frank Zambo Anguissa na Kamaru suna kulob ɗin, Kalidou Koulibaly kuma bai daɗe da tafiya ba, ya kuma mayar masa da martani. CAF ta yi tir, ta nemi UEFA ta bincika. Masu kare shi sun ce maganar kasuwanci ce kan rasa 'yan wasa a Janairu. Amma ƙin ɗaukar mutum aiki saboda ƙasar da ya fito wariya ce ko da babu zagi a ciki, kuma dokar FIFA ta wajabta wa kulob sakin ɗan wasa ga ƙasarsa a gasar, don haka sharaɗin da ya ambata ba shi da gurbi. De Laurentiis ya ci gaba da riƙe kulob ɗinsa, Napoli ta ci gasar Italiya a kakar, Osimhen ne ya fi kowa zura ƙwallo.

Ma'aikacin kulob da maigidansa ya zaga, me doka ta ba shi?

A Amurka, kashi na 7 na Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964 ya hana wariya a wurin aiki ga duk mai ma'aikata 15 ko fiye. Ba a zarcewa kotu kai tsaye a ƙarƙashinsa. Sai an fara kai ƙorafi EEOC, hukumar tarayya mai yaƙi da wariya a wurin aiki, cikin kwana 180 daga faruwar abin, ko 300 a jihohin da ke da irin hukumar tasu, daga nan ta ba da takardar izinin shigar da ƙara, wadda ke aiki kwana 90 kawai. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa: suna jiran binciken cikin gida har wa'adi ya wuce. Kalma ɗaya sau ɗaya ba kasafai take isa ba, kotu na neman abin ya yi tsanani ko ya yawaita har ya gurɓata wurin aiki. Shi ya sa lauyoyi ke cewa a rubuta rana da wuri da waɗanda ke wurin tun abin yana sabo, a kai ƙorafi a rubuce, a ajiye kwafi a waje da kwamfutar ofis. Ramuwa kan mai ƙorafi laifi ne mai zaman kansa, kuma sau da yawa ya fi sauƙin tabbatarwa a kan zagin na asali.

Kafin a sa hannu a takardar sasantawa a karanta sharaɗin rufe baki da kyau. Kalifoniya ta hana irin wannan sharaɗi a shari'o'in wariya tun Janairu 2022, amma jihohi da dama ba su hana ba. A Ingila Dokar Daidaito ta 2010 ce madogara, kuma dole a fara bi ta hukumar sulhu ta Acas kafin a isa kotun ma'aikata. Ɗan wasa yana da ƙarin kafa, wato ƙungiyar 'yan wasa, wadda ke da lauyoyi da hanyar kai ƙara a ƙarƙashin yarjejeniyarta da gasar. Mai sayar da tikiti, da sakatariya, da mai gyaran fili ba su da wannan gata.